Lissafin Kan Dutse

Daga birnin Gwatamala aka turo ni,
da jaka, da alƙalami biyu.
Aka ce: je ka ƙirga mana
nawa hukuma ke kashewa kan kowace uwa
da ta zauna ta ji yadda ake ciyar da yaro.
Mota ta yi awa biyar tana hawa tana tari,
na sauka kunnuwana a toshe.

Ajin yana bayan ɗakin shan magani,
benci shida, rufin kwano mai yoyo.
A bango hoton faranti, an raba shi huɗu:
kifi, madara, tuffa, burodi.
Na buɗe rasit.
Hoton nan da ƙannensa ɗari uku
sun cinye albashin malama na wata goma sha ɗaya.
Kifi kuwa a garin nan, sai dai a bango.

Malamar, Eulalia Ixcoy,
ko sau ɗaya ba ta waiwayi hoton ba.
Ƙunshi ta kwance: baƙin wake, kabewa,
da ganyen da ke tsirowa da kansa a gindin masara.
Ta fasa ƙwai guda a kunu,
ta faɗi wata magana da harshen dutsen,
wanda ni, ɗan ƙasar, ba na ji.
Dariyar da ta biyo baya kaɗai na gane.

Na raba takardar gwaji, tambaya goma.
Mata ashirin da uku, sha tara suka haye.
Na rubuta: tamanin da uku cikin ɗari,
ketsal ɗari huɗu da goma kowane kai.
Lissafi ya fito tas, kamar kwanon da ba a taɓa ci a ciki ba.

Petrona Tzoc ta faɗi, biyu ta samu.
Sau nawa yaro zai ci kifi a mako?
Ta ce: ranar da ubansa ya dawo daga saran rake.
Na ja mata jan layi.

Da yamma nas ta ba ni littafin awo
don in danne takarduna, iska na ɗaukewa.
Haka kawai na buɗe.
Bartolo, ɗan Petrona:
Janairu kilo bakwai, Yuni tara da ɗoriya.
Na nemi 'yar Marcelina Chaj, mai goma bisa goma.
Layinta a kwance yake, wata shida bai ɗaga kai ba.

Na bi ta gida.
Ta karanto mini farantin nan daga ka, ba gargada,
tana juya wainar masara, gishiri a gefe.
Kaji uku gare ta.
Ƙwan na mai taki ne, bashin bara bai ƙare ba.
Ta ce: Malam, na ci jarrabawar, ko?
Na ce kin ci.
Gani ba ci ba ne, ashe sani ma haka.

Dare ya same ni a masauki, kyandir rabi.
Takardar ofis akwati biyu gare ta:
a ci gaba, ko a dakatar.
Babu akwatin wake.
Babu na bashi.
Babu inda zan sa macen da ta faɗi a takarda
ta ci a kan sikeli.

Na san maigidana, shafin farko kaɗai yake dubawa,
yana tsaye, waya a kunne.
Sai na kwashe tamanin da ukun nan na kai shafi na tara.
A gaba na rubuta kuɗin hoto,
ƙarƙashinsa kuɗin kaza mai ƙwai,
ƙarƙashinsa albashin Eulalia da bai zo ba tun Afrilu,
sannan nauyin yaran nan biyu, kusa da juna.

Alƙalami ɗaya ya ƙafe a nan.
Na ciro na biyun.